Yadda Aka Gano Ciwon Tayiroid da Ƙarancin Bitamin D a Jikina

Tun da na fara gaya wa mutane abin da likitoci suka gano a jikina, kusan duk macen da na yi wa bayani sai ta ce ita ma haka take ji, ko kuwa ta san wata mai irin wannan fama. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta hanyar da na bi tun daga kemis har ɗakin babban likita, da kuɗin da suka fita da takardun da aka nema, ko Allah zai sa wata ta rage wa kanta zirga-zirga. Ni malamar makaranta ce a Kano, 'ya'yana uku. Abin da zan faɗa shi ne abin da ya faru da ni, da abin da likitocin da suka duba ni suka fahimtar da ni.

Abin ya faro ne bayan haihuwata ta uku, wajen watannin da yarinyar ta fara rarrafe. Kasala ce ta fara zuwa, irin wadda barci ba ya maganinta. In kwanta da wuri, in tashi da asuba kamar an yi mini duka. Daga nan sai jin sanyi. A watan Afrilu, lokacin da kowa a Kano ke neman inda zai sa ransa saboda zafi, ni kashe fanka nake yi, har maigida ya koma kwana a falo. Gashina ya riƙa zuba, duk sanda aka tsefe mini kitso sai mai kitson ta nuna mini abin da ya fita. Fatata ta bushe duk da man da nake shafawa, bayan gida ya yi tauri, al'ada ta dawo da yawa fiye da yadda na saba, jiki kuma yana ta ƙaruwa alhali abinci ma ba ya mini daɗi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mantuwa. Ina tsaye gaban allo ina koyarwa sai kalmar da zan faɗa ta ɓace mini, in tsaya ina kallon yara suna kallona. Sannan ga ciwon ƙashi a ƙugu da ƙwauri, cinyoyina kuma ba ƙarfi, har ta kai in na yi sujada sai na dafa bango kafin in miƙe.

A gida kowa da nasa bayanin. Hajiyarmu ta ce jegon ne bai yi kyau ba, ban sha kunun kanwa yadda ya kamata ba. Wata maƙwabciya ta ce sanyi ne, ta kawo mini jiƙo. Wasu suka ce ai rainon yara uku da aikin makaranta dole mutum ya gaji. Duk da kyakkyawar niyya suka faɗa, ni ma na so in yarda, domin ba wanda ke son a ce yana da ciwo.

Matakin farko shi ne kemis ɗin unguwa, wanda ke da ɗan ɗakin gwaji a baya. Aka ɗebi jini, aka ce maleriya da taifod, aka ba ni allurai da kwalayen magani. Na gama, ba abin da ya canza. Bayan ɗan lokaci na koma, aka sake cewa taifod ɗin ce ba ta fita ba, aka sauya wani maganin mai tsada. Daga baya ne likita ta bayyana mini cewa gwajin Widal da ake yi a irin waɗannan wurare yakan nuna taifod ko ga mai lafiya, musamman a ƙasa irin tamu da yawancin mutane sun taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, kuma taifod ta gaskiya da zazzaɓi mai zafi take zuwa, ba da watanni ana jin sanyi jiki yana ƙiba ba. A asibitin unguwa kuma aka auna jinina aka ce ya ɗan yi ƙasa, aka rubuta mini maganin ƙarin jini. Wannan gaskiya ne, jinin ya yi ƙasa saboda yawan al'ada, amma ba a tambayi me ya kawo yawan al'adar ba.

Yarinyar ta kusa shekara biyu lokacin da ƙanwar maigida, wadda nas ce, ta zo mana daga Zariya. Kwana ɗaya ta yi tana kallona, da safe ta ce, "Anti, muryarki ta canza, fuskarki kuma a kumbure take. Don Allah ki je a duba miki tayiroid." Ni a lokacin maƙoƙo kawai na sani, kuma wuyana ba wani kumburi da ido ke gani. Ta ce ba sai wuya ya fito ba. Ita ce ta tura ni wani asibitin kuɗi wajen wata likita da ta sani.

A can na biya kuɗin kati da na ganin likita, wajen naira dubu takwas a lokacin, cikin shekarar 2024. Likitar ta zauna ta saurare ni har na gama, abin da ban samu ba a duk yawon da na yi. Ta auna bugun zuciyata ta ce yana tafiya a hankali. Ta zagaya bayana ta ɗora yatsunta a gaban wuyana, ta ba ni ruwa ta ce in haɗiya. Ta ce tana jin tayiroid ɗin ya ɗan girma. Sai ta yi mini bayani cewa wata 'yar tsoka ce a gaban maƙogwaro, ƙasa da zakaran wuya, wadda ke fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki gaba ɗaya: zafin jiki, bugun zuciya, narkar da abinci, al'ada, har da kaifin tunani. Idan ta yi rauni komai sai ya yi sanyi. Ta rubuta mini gwaji biyu, TSH da T4, ta ce in je babban ɗakin gwaji mai injin zamani, kada in kai ƙaramin wuri.

Gwajin biyu sun ci kusan naira dubu ashirin. Ba a buƙatar azumi kafin a yi su, amma ma'aikacin ya tambaye ni ko ina shan maganin gyaran gashi ko farce mai sinadarin biyotin, domin yana rikita sakamakon, sai an dakatar da shi aƙalla kwana biyu. Wannan tambaya ce mai muhimmanci, saboda mace mai zubar gashi ita ce ta fi kowa sayen irin waɗannan ƙwayoyi. Washegari na karɓi takardar. TSH ɗina ya kai 18, alhali a gefen takardar an rubuta cewa na mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4.0 ne. T4 kuma, wato sinadarin da tayiroid ke fitarwa, yana ƙasa da iyaka. Da na ga lamba ta haura haka sai na ɗauka tayiroid ɗin aiki yake da yawa. Likitar ta ce akasin haka ne. TSH ba daga wuya yake fitowa ba, daga wata ƙaramar tsoka ce da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma aikinsa shi ne kiran tayiroid ya tashi ya yi aiki. Ta ce, "Malama, kin san uwa in ta kira yaro bai amsa ba, ɗaga murya take yi. To TSH ɗinki ihu yake yi saboda wanda ake kira ba ya amsawa." Ta fara ni da ƙaramin magani, ta rubuta mini takardar tura mara lafiya zuwa asibitin koyarwa, sashen likitocin da ke duba masu ciwon suga da tayiroid, domin a gano dalilin raunin.

Wannan takardar ku riƙe ta da kyau, ku yi mata hoto a waya, ku kuma yi kwafinta, domin ita ce mabuɗin duk abin da zai biyo baya. A asibitin koyarwa ba a wuce kai tsaye wajen babban likita. Sai da na fara zuwa ofishin kati aka buɗe mini fayil, aka tura ni wajen biyan kuɗi, na dawo da rasit, aka ba ni ƙaramin kati mai lamba. Daga nan na kai takardar sashen da aka tura ni, wata nas ta duba littafinta ta ba ni rana, kusan wata ɗaya a gaba, saboda ba kullum likitocin wannan fanni ke zama ba. Ina da inshorar lafiya ta ma'aikata, amma da yake ban biyo ta asibitin da na yi rajista ba, sai aka ce in koma can su rubuta tasu takardar su nemo lambar izini. Duk mai inshora ya fara da asibitinsa na rajista, ya nemi su yi masa turawar da kansu, zai huta da wannan komawa baya. Ku kuma sani ba kowane gwaji inshora ke ɗauka ba, wasu daga aljihu za su fito.

Ranar ganin likita na fita bayan sallar asuba, amma na tarar da benci ya cika. Yawancinsu dattawa ne masu ciwon suga, sai 'yan mata da matan aure jefi-jefi, wasu da maƙoƙo a fili, wata kuma idanunta sun firfito, hannunta na rawa. Daga baya na fahimci ita nata tayiroid ɗin aiki yake fiye da kima, wato kishiyar nawa. Aka auna nauyi da hawan jini, aka jera fayil-fayil, muka zauna. Sai bayan azahar aka kira ni. Ku tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa, mai goyo kuma ta samu wanda zai riƙe mata yaro a gida, domin zaman yana da tsawo. A zaman nan na ji tsoro sosai. Tunanin ciwon daji ya riƙa zuwa mini, ina kallon wuyan kowa ina shafa nawa.

Wani ƙaramin likita ne ya fara yi mini tambayoyi ya rubuta, sannan babban ya shigo. Ya tambayi ko a danginmu akwai mai maƙoƙo ko ciwon suga irin na yara, ya tambayi watannin da abin ya fara bayan haihuwa, da irin gishirin da muke amfani da shi. Da na ambaci ciwon ƙashi da dafa bango, sai ya ce in zauna a kujera in harɗe hannuwa a ƙirji in miƙe ba tare da na dafa komai ba. Da ƙyar na iya. Ya danna ƙashin ƙwaurina da babban yatsa, na ce wash. Sai ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, a rana sau nawa rana take taɓa fatarki?" Na ce, "Likita, a Kano fa muke." Ya ce ya sani, amma in ba shi labarin yinina. Da na fara lissafi sai na ga inda ya dosa. Gidanmu bene ne na haya, ba tsakar gida. Ina fita da safe cikin hijabi da safa in shiga adaidaita sahu, in yini a aji, in dawo a adaidaita, in shige ɗaki. Ko shanya a baranda mai rufi nake yi. Iyayenmu da suka yi rayuwa a gidajen ƙasa masu faɗin tsakar gida, suna daka da wanki da tankaɗe da ɗaurin ƙirji, rana tana samunsu ba tare da sun nema ba, kuma ba wanda ya gan su. Mu da muka koma gidajen zamani mun rasa wannan ba mu lura ba.

Ya rubuta gwaje-gwaje: bitamin D, kalsiyam, lafiyar ƙoda, wani gwaji mai suna anti-TPO, da hoton sikanin na wuya. A nan ne na fi shan wahalar neman wuri. Kalsiyam da ƙoda an yi su a asibitin. Bitamin D da anti-TPO kuwa aka ce in nema a waje. Na zaga wurare kafin na samu wanda ke karɓa, su ma ɗibar jinin kawai suke yi su aika Legas, sakamako ya dawo bayan mako guda ko fiye. Bitamin D shi kaɗai ya haura naira dubu talatin, anti-TPO ya ɗan gaza haka, sikanin kuma wajen dubu goma. Farashin nan yana ta canzawa da tashin dala, don haka ku buga waya ku tambaya kafin ku hau abin hawa. Ku kuma tabbata abin da za a auna shi ne 25-OH bitamin D, haka ake rubuta shi. Akwai wani gwajin mai kama da shi mai lamba 1,25 wanda ya fi tsada, kuma ba shi ne ke nuna yawan abin da ke ajiye a jiki ba. Sikanin ba shi da zafi ko kaɗan: a kwantar da ke, a ɗaga haɓa, a shafa wani abu mai sanyi a wuya, a yi ta goga na'ura. Mai hoton ya ce ba ƙulli ko ɗaya, sai dai naman ba sumul yake ba. Jin ba ƙulli ya sa na yi hamdala a fili.

Da na koma da takardu, bitamin D ɗina 11 ne. Likita ya nuna mini harafin da ke gaban lambar, ng/mL, ya ce a wannan ma'auni duk abin da ya gaza 20 ƙaranci ne, ƙasa da 12 kuwa ya yi tsanani har yana taɓa ƙashi. Wasu ɗakunan gwaji da nmol/L suke rubutawa, a nan sai an ninka sau biyu da rabi, wato 20 na farko daidai yake da 50 na biyu. Na ga mata a zaure na WhatsApp suna kwatanta lambobinsu ba tare da duba wannan ba, wata tana murna wata tana kuka alhali matsayinsu ɗaya. Anti-TPO kuma ya fito da yawa sosai. Ya ce wannan yana nufin garkuwar jikina ce da kanta take kai wa tayiroid hari a hankali har ya raunana. Ana kiran ciwon da sunan Hakaru Hashimoto, likitan ƙasar Japan da ya fara bayyana shi a 1912, kuma ya fi kama mata nesa ba kusa ba. Ya ce akwai matan da tayiroid ɗinsu ke rikicewa a shekarar farko bayan haihuwa sannan ya dawo daidai da kansa, amma nawa ya wuce wannan lokaci bai dawo ba, don haka in shirya wa shan magani na dindindin.

Tambayar da na yi masa ita ce wadda kowa ke yi mini yanzu: shin ƙarancin bitamin D ne ya jawo ciwon, kuma in na cike shi zan warke? Amsarsa ita ce abin da na fi so mai karatu ya tafi da shi. Ya ce bincike da yawa ya nuna masu ciwon Hashimoto sun fi sauran mutane yawan samun ƙarancin bitamin D, kuma bitamin ɗin yana da hannu a tsarin garkuwar jiki. A wasu binciken, ba da shi ya rage yawan anti-TPO a jini. Amma ba a tabbatar cewa shi ne ke haddasa ciwon ba, kuma ba ya mayar da tayiroid ɗin da ya riga ya raunana. Matsala biyu ce ta haɗu a jiki ɗaya, alamominsu suna shiga juna, musamman kasala da ciwon jiki da damuwa. Kowace da maganinta. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya zai ci gaba da jin ba daidai ba, ya ɗauka magani ne ba ya aiki.

Na tambaye shi batun gishiri da gero, domin na ji ana cewa fura da kunu suna kawo maƙoƙo. Ya ce tun farkon shekarun 1990 doka ta wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Najeriya, kuma hakan ya rage maƙoƙon rashin aidin sosai. Gero da rogo suna iya tsananta maƙoƙo ne a inda aidin ya yi ƙaranci kuma su ne abincin kullum, kamar yadda aka gani da gero a yankin Darfur na Sudan. Nawa ba na rashin aidin ba ne, don haka in sha furata, in ci gaba da gishirin leda mai aidin, amma kada in sayi wani ƙarin maganin aidin, domin yawansa yana iya ƙara rikita mai Hashimoto.

Ya ƙara mini levothyroxine zuwa maikrogiram 75. Haka sunan yake a jikin kwali, kuma shi ne ainihin sinadarin da wuyana ya kasa samarwa. Sai bitamin D mai ƙarfin IU 50,000 (IU shi ne ma'aunin ƙarfinsa da ake rubutawa a jikin kwalba) sau ɗaya a mako har mako takwas, bayan nan in koma ƙarami na kullum. Mai ba da magani a asibitin ta tsaya ta yi mini bayani dalla-dalla, Allah ya saka mata da alheri. Levothyroxine da safe ake sha, ciki ba komai, da ruwa zalla, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin shayi ko koko. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam da na gyambon ciki suna hana shi shiga jiki, sai a raba su da aƙalla awa huɗu. Waken suya ma haka, don haka awara da madarar waken suya ba da safe ba. Bitamin D kuwa akasin haka ne, da abinci mai maiƙo yake shiga jiki sosai. Sai na tsara: ƙaramar ƙwayar da zarar na tashi sallar asuba, bitamin D ranar Juma'a da abincin rana don kada in manta, na ƙarin jini da daddare. Ta ce in bar maganin a cikin ledarsa, in nisanta shi da zafi da haske, kada in ajiye a kicin ko cikin mota, in duba lambar NAFDAC, in kuma yi ƙoƙarin tsayawa kan kamfani ɗaya. In dole ta sa na canza, in gaya wa likita.

Makonnin farko ban ji wani canji ba, har raina ya fara karaya. Ashe haka yake, maganin a hankali yake taruwa a jini, shi ya sa ba a sake gwajin TSH sai bayan mako shida zuwa takwas. Abin da ya fara tafiya shi ne jin sanyi, sai kumburin fuska. Ranar gwaji na bari sai da aka ɗebi jinin sannan na sha ƙwayar, kamar yadda aka umarce ni. TSH ya sauko zuwa 7, aka ƙara maganin zuwa 100, aka sake ba ni wata ranar. A gwaji na gaba ya shigo cikin iyaka. Ƙarfin cinya kuwa sai wajen wata na uku ya dawo, ranar da na miƙe daga sujada ba tare da na nemi bango ba sai da na yi hawaye a kan dadduma. Da aka maimaita gwajin bitamin D ya haura 30. Gashi shi ne ya fi jinkiri.

A tsakanin nan wata 'yar'uwa ta turo mini bidiyon wani mai tallar magani a intanet yana cewa a zubar da maganin asibiti, a sha bitamin D mai yawa kullum, tayiroid zai warke. Na kai wa likita maganar. Ransa ya ɓaci, ya ce yana ganin matan da suka bi irin wannan suna dawowa a galabaice. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa yake a kitsen jiki, in ya yi yawa sai kalsiyam ya hau a jini, ya kawo amai da ƙishirwa da tsakuwar ƙoda, har ƙodar ta lalace. Babba mai lafiya bai kamata ya wuce IU 4,000 na bitamin D a rana ba sai da umarnin likita. Kwalbar 50,000 ɗin nan ana samunta a kemis ba tare da takarda ba, kuma akwai masu shanta kullum maimakon mako-mako. Don Allah a kiyaye wannan.

Batun rana kuma ya gyara mini wata fahimta. Mun taso ana cewa ranar sassafe ce mai amfani, amma hasken da fata ke haɗa bitamin D da shi ba shi da ƙarfi sai rana ta ɗaga, daga hantsi zuwa kusan la'asar, lokacin da inuwar mutum ta gaza tsawonsa. Gilashin taga yana tare shi, tufa ma haka, ƙurar hunturu tana rage shi, baƙar fata kuma tana buƙatar lokaci fiye da fara. Ba wanda ya ce in ajiye hijabina, kuma ba buƙatar hakan. Na yi magana da maigida, muka samu wani lungu a saman benen aka kewaye shi da langa-langa ba rufi, can nake shanya yanzu, in zauna minti ashirin zuwa talatin da hannuwa da ƙafafu a buɗe, 'yan kwanaki a mako. Abinci ba ya wadatarwa shi kaɗai, amma na ƙara kifin gwangwani da kifi mai maiƙo da ƙwai da hanta.

Likitan ya kuma ce in kai autar a duba ta, tunda nonon uwa ba shi da bitamin D mai yawa, balle uwar da nata ya yi ƙasa. Likitan yara ya duba ƙafafunta da wuyan hannunta ya ce ba gwame ba lanƙwasa. Shi ne ya gaya mini cewa binciken da aka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna yawancin yaran Najeriya masu lanƙwasar ƙafa ƙarancin kalsiyam a abinci ne ya fi damunsu, don haka bayan yaye a kula da nono da madara da kifi mai ƙananan ƙaya, kada a tsaya kan koko da tuwo kawai.

Da azumi ya zo na shiga damuwar yadda zan yi da ƙwayar safe. Aka ba ni zaɓi: ko in tashi da wuri in sha, in jira rabin awa kafin sahur, ko in sha lokacin kwanciya in dai an yi awa uku da cin abinci. Na zaɓi na sahur, kuma na yi azumina lafiya. Wanda zai yi ya tambayi likitansa tun cikin Sha'aban.

Idan wata tana jin irin abin da na lissafa, musamman bayan haihuwa, kuma an yi ta ba ta maganin taifod ba sauƙi, ta buɗe baki ta nemi a yi mata TSH da sunansa. Shi ne gwajin farko, ya fi sauran araha, kuma shi zai nuna ko akwai buƙatar ci gaba. In kuɗi sun yi kaɗan a fara da shi, a gaya wa likita gaskiyar aljihu, domin yakan iya yanke shawarar bitamin D daga alamomi da yanayin rayuwa ba tare da gwajin mai tsada ba. Anti-TPO sau ɗaya ake yinsa, ba a buƙatar maimaitawa kowane zuwa. A samu jaka guda a tara duk sakamako bisa jerin kwanan wata, domin fayil yakan yi nisa ranar da ake nemansa, kuma likitan da ya gan ki yau ba lallai shi za ki tarar gobe ba. A rubuta tambayoyi a takarda tun daga gida, saboda bayan dogon zama a benci komai yakan gudu daga kai. Kuma kada a daina levothyroxine don an ji sauƙi, sauƙin daga maganin yake.

Yanzu duk wata shida nake komawa da sakamakon TSH. A zuwana na ƙarshe likita ya ja hankalina kan abu ɗaya: in muna da niyyar ƙara haihuwa, in zo a auna ni tun kafin ciki, kuma ranar da na tabbatar da ciki in garzayo ba sai ranar da aka ba ni ta zo ba. A watannin farko jariri da sinadarin tayiroid na uwa yake dogara wajen haɓakar ƙwaƙwalwarsa, buƙatar maganin kan ƙaru da wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, kuma za a riƙa gwajin kusan duk wata har cikin ya kai rabi. Ya rubuta wannan a bayan katina ya ce in nuna wa masu awon ciki.